Tsohuwar gadar Mostar da na girme ta

Tun kafin in ga gadar nan lissafi ya fara bata min rai da ita. Muna cikin jirgin kasa daga Sarayebo zuwa Mostar a kasar Bosniya ni da yayana, yana ta zuba min labarin Stari Most, wai tsohuwar gada ce, wai shekara dari hudu da doriya, sai na dan leka wayata naga an rubuta ranar 23 ga Yulin 2004 aka bude ta. Nace Yaya tsaya tukuna, 2004 fa? ai na girme ta, lokacin har na iya karatu da rubutu, yanzu saboda Allah mu yi sammako haka ido duk barci don mu je kallon abin da aka gina jiya jiya kuma a ce mana tsoho ne. Yace kai matsalarka kenan tun kana yaro, baka ga abu ba ka yanke masa hukunci, ka bari mu isa mana.

Tafiyar kamar awa biyu ce, kuma gaskiya hanyar kadai ta isa a biya mata kudi. Jirgin yana shiga cikin dutse ya fita ya sake shiga, ka wuce Konjic ka wuce Jablanica, kogin Neretva yana biye da kai ta taga, ruwan nan kore shar kamar an zuba masa kala, ni da farko na dauka gilashin tagar ne yake yaudarata sai da muka sauka na ganshi ido da ido.

Daga tasha da kafa muka taka zuwa tsohon gari. Zafi kuwa ba'a magana, duk wanda ya ce maka Turai ba rana to bai zo Mostar a watannin zafi ba, garin a kwari yake duwatsu sun zagaye shi. Kafin ka kai gadar sai ka ratsa wata 'yar siririyar kasuwa da suke kira Kujundziluk, layin makera ne tun zamanin Turkawa, har yau kana jin kwas kwas din guduma a kan jan karfe, ana sassaka faranti da 'yan butocin dafa gahawa. A nan na fara ganin abin da ya dan sanyaya min jiki, biro da aka yi da kwanson harsashi, jere a kan tebur ana sayarwa 'yan yawon bude ido. Na dauki daya na juya shi na ajiye. Yaya ya saya, ni dai na kasa.

Sai kawai ka sha wata kwana, gata nan.

Karama ce fa. Wannan ne abu na biyu da ya bani mamaki, don a hoto sai ka rantse wata katuwa ce. Tsawonta kamar mita 30, fadinta mita 4, baka daya tal daga wannan gaba zuwa waccan, babu ginshiki ko daya a cikin ruwa, tsakiyarta ta yi tozo ta kuma sirance har kana tunanin ya akai dutse ya tsaya a sama haka ba abin da ya tokare shi. Daga kanta zuwa ruwa ya haura mita 20, ya danganta da cikar kogin. Mota bata hawa, kafa ce kawai.

Kuma a nan na sha kasa. Daben gadar dutse ne fari mai sheki, an yi masa wasu layuka masu tudu a kwance, taki daya layi daya, ni kuma da wayona nace bari in rika tsallake su ina taka tsakani, ga takalmina mai sulbi, ga gangara. Taku hudu na biyar sai gani zaune dabas, wayata ta yi gaba ni na yi baya, wata tsohuwa ta dauko min ita tana wata magana da yarensu tana nuna min layukan da kafarta, ma'ana a kansu ake takawa yaro. Yaya ko ya taimaka ya dago ni, dariya yake har da rike ciki, yace toh ka ga wadda ka girma ta kayar da kai. Ina zaune a wurin kafin in mike na shafa dutsen da hannu, sumul kamar an goge shi da mai. Shekara ashirin da 'yan kai kacal, kafafun mutane sun cinye shi haka. Wannan ya tsaya min a rai, ban dai ce komai ba don kar in ba Yaya baki.

Idan kana son ka ganta da kyau ba a kanta zaka tsaya ba, a kanta turereniya ce kawai da masu daukar hoto. Akwai masallacin Koski Mehmed Pasha a bakin kogin, na wajen 1618, ana biyan 'yan kudi a hau hasumiyarsa. Matakalar a murde take, matsattsiya, in wani yana saukowa kana hawa sai dai dayanku ya manne da bango ya rike numfashi, ni da nake da dan jiki na ji a jikina. Amma da ka fito sama shikenan ka manta. Gadar tana can kasa kamar an zana ta, hasumiyoyin tsaro biyu sun sa ta a tsakiya, Tara da Halebija, daya a kowace gaba, rufin gidaje na fallen dutse, ruwan kore yana wucewa a karkashi, can baya kuma dutsen Hum da wani katon kuros a kansa wanda aka kafa a shekarar 2000, zan dawo kan wannan.

A saman nan Yaya ya karasa min tarihin, wannan karon na saurara. Kafin ta dutse akwai wata gadar katako da aka rataye da sarkoki, tana lilo in ana wucewa, mutane na tsoronta. Masu gadin wannan mashigar su ake kira mostari, daga nan garin ya samo sunansa, don most a yarensu gada kenan, stari kuma tsoho. Kaga kenan garin ne ya ci sunan gada, ba gada ce ta ci sunan gari ba. Da Turkawa suka ga wurin ya zama hanyar fatake da sojoji sai Sarki Sulaiman Alkanuni na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya bada umarni a 1557 a yi ta dutse, aka ba wani magini Mimar Hairuddin, almajirin shahararren maginin nan Mimar Sinan. Shekara tara ana aiki, aka gama a 1566, shekarar da shi Sarkin ya rasu. Akwai labarin da mutanen garin ke bayarwa wai an ce wa maginin in ta fadi a bakin ransa, don haka ranar da za'a cire katakon da aka tokare ta dashi sai ya je ya shirya jana'izarsa yana jira. Almara ce irin ta bakin gari, amma in ka kalli siririn tsakiyar nan zaka gane dalilin da yasa aka kirkire ta. Kusa da wurin ma akwai wata 'yar karamar gada mai kama da ita sak a kan rafin Radobolja, Kriva Cuprija, ana cewa ita aka fara yi don gwaji.

Dutsen da aka yi aikin dashi sunansa tenelija, a kusa da garin ake fasa shi, yana da laushin sassaka in an ciro shi sabo sannan ya kara tauri in ya sha iska. Amma abin da ya fi burge ni shine yadda aka daure duwatsun. Ba wai an jera su an shafa kasa bane kawai, a'a, ana huda kowane dutse a sa masa karfe mai kama da kusa da wani mai lankwasa da zai kamo na kusa dashi, sannan a narka dalma a tsiyaya ta cikin ramin ta rufe karfen, ta hana shi motsi ta kuma hana ruwa ya kai gare shi ya yi tsatsa. Wato daga waje dutse kake gani amma cikinta dinki ne. Haka ta tsaya shekara 427, ambaliya ta zo ta wuce, daular Turkawa ta tafi ta Ostiriya ta zo, yakin duniya biyu suka wuce ta kanta.

Muna saukowa muka tarar an taru a kan gadar ana ihu. Wani saurayi ne daga shi sai gajeren wando ya tsallake karfen gefen ya tsaya a baki, abokinsa na zagayawa da hula yana karbar kudi. Wannan al'adar tsalle daga gadar tsohuwa ce sosai, matafiyin nan na Turkiyya Evliya Celebi da ya zo garin a karni na 17 ya ambaci samari masu yinta, tun 1968 kuma ake shirya gasa a hukumance duk karshen Yuli. Toh amma su wadannan na kullum 'yan kasuwa ne wallahi, zai daga hannu kamar zai tafi kowa ya daga waya, sai ya sauke ya girgiza kai ya koma ya zauna, hula ta sake zagayawa. Sau uku yana mana haka rana na dukanmu. Nace Yaya mu tafi wannan wasa yake da hankalinmu, yace ka jefa wani abu mana kaima, kai da kallon kyauta kake so mutum ya sayar da ransa. Na jefa 'yan marka, kudinsu kenan.

Can sai naga ya dauki robar ruwa ya kwarara a kansa da kirjinsa. Ashe ruwan Neretva sanyi ne dashi kamar kankara ko a tsakiyar zafi, in ka fada da zafin jikinka haka zuciya na iya bugawa, shi yasa suke fara jika jiki. Daga nan bai kara kallon kowa ba. Ya bude hannu, ya tafi, kafafu a nade ta baya kirji a gaba kamar tsuntsu, sai dab da ruwa ya mike sambal ya shige da kafa. Tsakanin tashinsa da karar ruwan akwai wani dan shiru da bai kai dakika uku ba amma hantar cikina sai da ta kada. Da kansa ya bullo aka dau tafi, ni kuma sai a lokacin na lura na kankame hannun rigar Yaya.

Yanzu maganar da bana son yi amma dole.

A bakin gadar akwai wani dan dutse da aka jingine an rubuta masa da Turanci cewa kar a manta da 93. In baka kula ba zaka wuce shi, yana nan kusa da masu sayar da tsaraba. Da Yugoslabiya ta wargaje yaki ya iso Mostar a 1992, da farko Musulmin Bosniya da Kuroshiyawa tare suka kare garin daga sojojin bangaren Sabiyawa, sai a watan Mayun 1993 abokan suka juya wa juna baki. Aka tura Musulmi gabashin kogi aka yi musu kawanya wata da watanni, ba wuta ba ruwan famfo, ana luguden wuta a kansu. Gadar ta zama hanyar da ake lallabawa a tsallaka, mutanen gari suka rataya mata tayoyin mota suka yi mata rumfa don su kare ta, ka ji fa, mutanen da su kansu basu tsira ba suna daura wa dutse taya. Ranar 8 ga Nuwamba tankar yaki ta sojojin Kuroshiyawan Bosniya ta fara dukanta, harsashi bayan harsashi, washegari 9 ga Nuwamban 1993 da hantsi ta karye ta zube cikin kogin.

Akwai bidiyon, ana nuna shi a garin, mun tsaya mun kalla a wani dan daki tare da wasu baki. Ba shi da kyau, hoton na rawa, kura ta tashi, sai kaga bakan ya bude daga tsakiya ya tafi kasa ruwa ya yi sama. Ba wanda ya yi magana a dakin. Wani dattijo da ke tsaye a bakin kofa, ina jin dan garin ne, bai kalli allon ba sam, mu yake kallo. Da zamu fita na yi masa sallama ya amsa cikakkiya ya dora hannu a kirji, iyakar abin da ya hada mu kenan.

Daga baya kotun duniya da ke Heg a kasar Holan ta daure shugabannin Kuroshiyawan Bosniya shida kan laifukan yakin, cikinsu har da Janar Slobodan Praljak da aka yanke wa shekara 20, shine wanda ya daga 'yar kwalba ya sha guba a gaban alkalai ranar 29 ga Nuwamban 2017 da aka tabbatar masa da hukuncin, ya mutu a ranar. Kan ita gadar kuwa alkalan daukaka kara cewa suka yi tunda sojojin Bosniya na amfani da ita toh ta zama abin hari na soja. Su suka san doka. Ni dai da na tsaya a kanta na ga fadinta mita hudu, na ga ko ni da takalmi sai da ta kayar dani, na kasa hadiye cewa don dabarar yaki kadai aka yi kwana biyu ana dukanta.

Da yamma da rana ta yi sanyi muka gangara kasan gadar ta yamma, akwai dan fili a bakin ruwa inda mutane ke zama. Daga nan ne zaka ga cikin bakan, layin duwatsun daya bayan daya, da yadda ta dafe jikin dutsen gabar kamar daga cikinsa ta tsiro. A gefe kuma ga wasu manyan duwatsu a zube, sassakakku, sun yi duhu, wasu sun gutsure. Na zauna a kan daya ina cire tsakuwa daga takalmi sai Yaya yace ka san a kan me kake zaune? Ashe su ne. A 1997 sojojin Hangari masu nutso suka shiga kogin suka rika ciro duwatsun asalin gadar, an so a maida su amma aka tarar yawancinsu sun lalace, wuta ta ci ruwa ya ci, ba zasu dauki nauyi ba. Na mike zumbur kamar na zauna a kan kabari, sannan na dawo na tsuguna. A jikin dutsen ga ramin nan da aka sassaka inda karfen yake shiga, dan murabba'i, na sa yatsana ciki. Wani mutum ne ya zauna da kurfi da guduma ya huda wannan ramin wajen shekara 460 da suka wuce, yatsana ya shiga daidai.

Abin da aka yi wajen sake ginin shine aka ki bin hanya mai sauki. Da an so da siminti da rodi za'a zuba a lika mata fallen dutse a waje, ba mai ganewa a hoto. Sai Bankin Duniya da UNESCO da gidauniyar Aga Khan da wasu suka hadu, kasashe irin su Turkiyya da Italiya da Holan da ita kanta Kuroshiya suka sa kudi, aka koma inda ake fasa tenelija aka ciro sabo, aka sa masu sassaka suka yi da hannu, kamfanin Turkiyya ya hada bakan, karfe da narkakkiyar dalma kamar yadda Hairuddin ya yi, har 'yan karkace karkacen da tsohuwar ke dasu an bi an maida su bisa tsofaffin awo da hotuna. A 2005 UNESCO ta sa ta da unguwar da ke kewaye cikin wuraren tarihi na duniya. Toh a nan ne gardamata ta jirgi ta fara yin rauni, don na rasa me zan kira tsufan abu, dutsen ne ko hannun da ya san yadda ake daure shi. Ban fasa cewa na girme ta ba, lissafi lissafi ne. Amma kalmar jabu da na zo da ita a bakina ban sake furta ta ba.

Kar kuma wani ya ce maka gadar ta hade garin, wannan maganar 'yan jawabi ce. Mun taka zuwa yamma bayan magariba, 'yan mintuna kadan daga wurin masu hoto sai ga babban titin da suke kira Bulevar, nan ne ainihin layin daga lokacin yakin, ba kogin ba, har yanzu akwai gine ginen da harsashi ya yi wa ruwan huji an bar su haka itatuwa sun fito ta tagoginsu. Ketare shi kaga coci mai doguwar hasumiya sama da mita 100, ga kuros din can kan Hum da wuta a jikinsa, ta baya kuma kiran sallar isha yana tashi daga gabas. Garin da ya yi daga 2008 har zuwa Disambar 2020 ba'a yi zaben kananan hukumomi ba saboda an kasa daidaitawa kan yadda za'a raba kujeru. Gadar ma in ka duba duk gefenta biyu tsohon garin Musulmi ne, rabuwar tana can gaba da ita.

Kwana daya muka yi. Da asuba bayan mun yi sallah nace Yaya zan dan fita, yace ina kuma, nace gada, ya yi wani murmushi ya ja bargo yace a gaida kanwar taka.

Ba kowa. Shagunan duk a rufe, ba guduma ba masu hula, sai wata kyanwa da wani mutum yana shara can nesa, da karar ruwan da jiya hayaniya ta hana ni ji, ashe kogin nan da karfi yake tafiya. Dutsen da rana yake fari fat yanzu ya koma kamar ruwan toka, da haske ya fara taba saman Hum sai ya dan yi ja ja. Wani hazo siriri yana kwance a kan ruwan saboda sanyinsa. Na cire takalmin nan da ya ci amanata na rike a hannu, na taka layin farko, na biyu, dutsen da sanyi, na hau har tozon na tsaya inda yaron jiya ya tsaya amma ta cikin karfe, na leka kasa sau daya na janyo kaina. Sannan na gangara daya gefen a hankali, layi bayan layi kamar yadda tsohuwar ta nuna min, na juyo na sake hawowa.